Ƙishin yana cikin iskar ɗakin, ba cikin tukunya ba

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na ga tambayarki. Kin ce tun da sanyi ya shigo kuka fara kunna hita, wato na'urar ɗumama ɗaki, bakin ganyen shukokinki na cikin ɗaki yake ƙonewa, kin ƙara musu ruwa amma abin sai gaba yake yi, har wasu ganyayen sun yi rawaya suna zuba. Wallahi na tausaya miki, domin haka na rasa tukwane huɗu a shekarar da na fara, kuma butar ban-ruwa ce ta kashe su a hannuna.

Don Allah ki fara ajiye butar nan tukuna. Iska mai sanyi ba ta ɗaukar danshi da yawa. A digiri 0, abin da take iya riƙewa bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da za ta riƙe a digiri 20 ba. To idan ta shigo ɗaki, hita ta ɗumama ta ba tare da ƙara mata ko ɗigon ruwa ba, sai danshin ɗakin ya faɗi ƙasa da kashi 30 cikin 100, alhali yawancin shukokin da muke ajiyewa a ɗaki asalinsu na dazuzzukan ƙasashe masu zafi da ruwan sama ne, sun fi son kashi 40 zuwa 60. Busasshiyar iskar ce ke zuƙe ruwa daga ganye, shi ya sa baki-baki yake fara ƙonewa.

A can cikin tukunya kuwa akasin haka ke faruwa, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Yini ya gajarta, haske ya ragu, shukar ta rage girma, don haka ta rage sha. Ruwan da kika zuba sai ya kwanta, saiwa ta rasa iska, ta fara ruɓewa. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, sai ganye ya yi yaushi kamar mai jin ƙishi, ke kuma ki sake zuba masa. Rawayan da kike gani, ina kyautata zaton daga nan yake. Ki zare shuka ɗaya daga tukunya ki duba. Lafiyayyar saiwa fara ce, da taurinta. Wadda ta yi baƙi, ta yi laushi, tana ɗan wari, ki datse ta da almakashi mai tsabta ki sauya ƙasar. Daga yanzu kada ki bi kalanda. Ki nutsa yatsa har gaɓa ta biyu, in kin ji sanyin danshi ki ƙyale ta. Ni har ɗaga tukunyar nake yi, nauyinta yana gaya mini gaskiya. In za ki ba da ruwan, ki ba da sosai har ya fito ta hudar ƙasa, ki zubar da wanda ya taru a faranti, kuma kada ya zama mai sanyi ƙarara.

Sai maganar iska. Ki janye tukwanen daga kusa da hita, ki tara su wuri guda, domin danshin da kowacce ke fitarwa yana amfanar 'yar'uwarta. Fesa wa ganye ruwa kam na yi shi safe da yamma tsawon hunturu guda, ban ga amfaninsa ba, cikin 'yan mintoci ya bushe ɗakin ya koma yadda yake. Tiren tsakuwa da ruwa a ƙarƙashin tukunya shi ma taimakonsa kaɗan ne. Abin da ya sauya mini lamari shi ne ƙaramar na'urar nan mai fitar da tururi, tare da ɗan ma'aunin danshi a gefenta. Kada dai ki bari danshin ya haura kashi 60, don kada bango da labule su fara funfuna, kuma ki riƙa wanke na'urar a kai a kai.

Taki, ki dakatar har sai kin ga sabon toho idan yanayi ya juya. Ki matsar da su kusa da taga saboda haske, amma kada ganye ya taɓa gilashi da dare.

Akwai wani maƙiyi da ke son busasshen ɗaki mai ɗumi: wasu ƙwari ne 'yan mitsi-mitsi dangin gizo-gizo. Ki juya bayan ganye, in kin ga ɗige-ɗige fari-fari ko wata siririyar saƙa, su ne. Ki ware shukar, ki wanke ta da ruwa mai ɗan ɗumi gaba da baya, ki maimaita duk mako.

Bakin ganyen da ya riga ya ƙone ba zai koma kore ba, ki gyare shi da almakashi kawai, kada hakan ya sa ki zaci shukar tana mutuwa. Kuma ba duka halinsu ɗaya ba: alobera da sansebiriya (mai dogayen ganye a tsaye kamar takobi) ko a jikinsu, sai su yi makonni ba su nemi ruwa ba, kalatiya kuwa (mai faffaɗan ganye mai zane-zane) ita ce ta fara kuka. Ki faɗa mana irin waɗanda kike da su da yadda kika samu saiwar, sai mu san ta inda za a ɓullo wa kowacce.