Tambaya da Amsa: Illuminati Ce Ke Juya Duniya, Ko Hukumomin Leƙen Asiri?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Mabera cikin garin Sakkwato. Gardama ta kaure a majalisarmu. Wasu na cewa Illuminati ce ke naɗa shugabannin duniya ta kuma tuɓe su, hujjarsu ita ce idon nan da ke jikin takardar dala ɗaya. Wasu kuma sun ce duk shaci-faɗi ne, har abin da ake faɗa a kan CIA, hukumar leƙen asirin Amurka. Akwai ma abokinmu da aka turo wa saƙo ta WhatsApp cewa ya biya kuɗin rajista a sa shi cikin ƙungiyar. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinku tukuna, don shi ne ke bakin rami: kada ya tura ko kwabo. 'Yan damfara ne, kuma hanyarsu ɗaya ce. Za su fara da kuɗin fom, su biyo da kuɗin kayan rantsuwa, sannan kuɗin fito da wani akwatin daloli da ba ya nan. A tsakani sai su nemi hotonsa, lambar BVN da lambar sirrin da banki ke turowa a waya. Ranar da ya ce ya gaji, sai su koma yi masa barazana da cewa ya riga ya yi rantsuwa. Ya toshe lambar, in kuma ya riga ya ba da bayanan banki, ya je reshe a rufe katin tun yau.

Ita Illuminati ta taɓa wanzuwa, amma shekara tara kacal ta yi tana aiki. Wani malamin shari'a a jami'ar Ingolstadt da ke yankin Bavariya a Jamus, Adam Weishaupt, shi ya kafa ta ranar 1 ga Mayu, 1776, da mutum biyar. Abin da ya dame shi shi ne yadda limaman coci suka kankane jami'a da fada. Ya tsara ƙungiyar mataki-mataki, kowane mamba da sunan ɓoye (shi kansa Spartacus ake ce masa), kuma na ƙasa kan rubuta rahoto zuwa ga na sama a kan kansa da abokansa. Da wani ɗan sarauta, Adolph Knigge, ya shigo a 1780, sai ya riƙa janyo mutane daga ɗakunan taron 'yan Masuniyya, wato Firimason, wata ƙungiyar 'yan'uwantaka mai tarukan sirri, har mambobi suka kai wajen dubu biyu.

Daga nan ne abin ya lalace. Weishaupt da Knigge suka saɓa a kan wa ke da iko, Knigge ya fice a 1784. Waɗanda suka fita cikin fushi suka kai tsegumi fada. Sarkin Bavariya, Karl Theodor, ya haramta ƙungiyoyin asiri a 1784, ya sake fitar da doka a 1785 yana ambaton Illuminati da suna. A 1786 aka binciki gidan wani jigonsu, Xavier Zwack, aka kwashe wasiƙu, gwamnati ta buga su a 1787 kowa ya karanta. Weishaupt ya gudu garin Gotha, can ya rasu a 1830 ba tare da ya sake tayar da komai ba. Ƙungiyar da ɗan ƙaramin sarki ɗaya ya rusa da takarda biyu, da wuya a ce ita ke riƙe da Amurka da Sin da Rasha.

To me ya raya sunan? Juyin juya halin Faransa na 1789. Masu sarauta da limamai sun kasa yarda cewa yunwa, bashin gwamnati da haraji ne suka tunzura talakawa, sai suka nemi hannun ɓoye. A 1797 wani limamin Faransa, Augustin Barruel, da wani malami ɗan Sikotlan, John Robison, suka wallafa littattafai suna ɗora laifin a kan Illuminati. Yawancin abin da ke yawo a bidiyo yau jikan waɗannan littattafan ne, ana dai canza sunan wanda ake zargi.

Idon da ke kan dala kuwa ɓangare ne na hatimin gwamnatin Amurka da aka amince da shi a 1782, ba a kuma sa shi a kan takardar kuɗi ba sai 1935. Hawa goma sha uku na ginin da ke ƙarƙashin idon, mai siffar dalar Masar, yana nufin yankuna goma sha uku da suka kafa ƙasar, shekarar 1776 da aka rubuta a gindinsa da haruffan Rumawa kuma shekarar 'yancin kansu ce. Ta dace da shekarar Weishaupt, iyakar alaƙar ke nan.

Amma masu cewa duk ƙarya ce su ma sun yi sake. A Italiya, a watan Maris 1981, masu bincike sun samu jerin sunaye 962 na wani ɗakin Masuniyya na ɓoye mai suna P2 a hannun shugabansa Licio Gelli. A ciki akwai ministoci, janarori, shugabannin leƙen asiri da 'yan jarida. A watan Mayun shekarar gwamnatin Firaminista Arnaldo Forlani ta faɗi. A nan gida ma dokar ƙasa ba ta wasa da lamarin: sashe na 38 na tsarin mulkin Najeriya na 1999, wanda ya ba da 'yancin addini, ya ce 'yancin bai haɗa da kafa ƙungiyar asiri ko shiga cikinta ba.

Masu makirci na gaske, mafi yawa, ma'aikatan gwamnati ne masu albashi da kasafin kuɗi. Ingila ta kafa ofishin da ya haifi MI5 da MI6 a 1909, Amurka ta kafa CIA a 1947, Tarayyar Sobiyet ta kafa KGB a 1954. A nan gida, kisan Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairu, 1976 ne ya nuna cewa sashen farin kaya na 'yan sanda bai isa ba, sai aka kafa hukumar tsaron ƙasa ta NSO a shekarar. Marigayi Umaru Shinkafi, Marafan Sakkwato, ya shugabance ta daga 1979 zuwa 1983. A 1986 Janar Babangida ya rusa ta ya raba aikin gida uku: SSS, wadda ake kira DSS, don cikin gida, NIA don ƙasashen waje, DIA don harkar soja.

Ayyukan irin waɗannan hukumomi suna fitowa fili, kuma ƙaramin abu ne kan tona su. Ranar 5 ga Yuli, 1984 aka sace Umaru Dikko, ministan sufuri a gwamnatin Shehu Shagari, a ƙofar gidansa a Landan. Aka yi masa allurar barci, aka sa shi cikin akwatin katako tare da likita ɗan Isra'ila mai lura da numfashinsa, aka kai filin jirgin Stansted. Sakatariyarsa ta ga lokacin da aka ɗauke shi, ta kira 'yan sanda. Akwatin kuma ba a yi masa alamar jakar diflomasiyya yadda doka ta tanada ba, don haka jami'an kwastan suka samu damar buɗewa. Kotu ta ɗaure mutum huɗu, uku 'yan Isra'ila, ɗaya ɗan Najeriya, kodayake gwamnatocin biyu ba su amsa laifi ba.

Haka CIA. Kwamitin majalisar dattawan Amurka ƙarƙashin Frank Church ya tabbatar a 1975 cewa hukumar ta shirya sa wa Patrice Lumumba, firaministan Kwango na farko, guba, kodayake 'yan awaren yankin Katanga da jami'an Beljiyam ne suka kashe shi a Janairun 1961. A 2013 ita kanta CIA ta saki takardun da ke nuna hannunta a kifar da Firaminista Mossadegh na Iran a 1953.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, wasu jita-jitar su hukumomin ne ke ƙirƙirarsu. Labarin cewa sojojin Amurka ne suka haɗa cutar ƙanjamau a ɗakin gwaji ya fara ne da wata wasiƙa marar suna a wata jaridar Indiya a 1983. KGB ce ta dasa ta, jaridun Sobiyet suka ɗauka a 1985, ta zagaye Afirka, kuma shugaban leƙen asirin Rasha Yevgeny Primakov ya amsa haka a 1992. Wanda ke tura irin wannan yana ganin ya gano asirin manya, alhali dako yake yi musu kyauta.

Mun kuma ga kuɗin da ake biya idan gaskiya ta cakuɗe da ƙarya. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ya faru, yara 11 sun mutu, an je kotu, an yi sulhu a 2009. A kan wannan tabon aka gina zargin cewa rigakafin shan inna na hana haihuwa. Kano ta dakatar da shi a 2003 zuwa Yulin 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai da sarakuna ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi suka shiga aikin gadan-gadan kafin a kai ga shelar 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji.

Saboda haka idan an kawo labari majalisa, ku nemi sunan wanda ya yi, da ranar, da wurin. Ku tambayi ta wace hanya aka sani: takardar da aka saki ce, shaidar kotu ce, ko binciken majalisa? Ku bi saƙon baya har inda ya fara fitowa, hoton kuma a sa shi a Google Lens a ga tun yaushe yake yawo. Ku ƙiyasta mutum nawa ne dole su yi shiru kafin labarin ya tabbata, domin aikin Dikko na mutum ƙalilan ne amma bai kai dare ba ya fashe. Mai labarin kuma a tambaye shi wace hujja ce za ta sa ya janye. In ya ce rashin hujjar shi ne hujja, don sun iya ɓoyewa, to babu abin da za ku iya bincikawa a maganarsa, kada ku tura ta gaba.