Zauren Fassara: Wa ke da hannu, wa abin ya rutsa da shi?

Wasiƙun wannan wata sun fi karkata ga kalmomin Turanci da suka shafi shiga al'amari da kuma aiki. Mun zaɓi 5 daga ciki.

Tambaya daga wani mai fassara labarai a gidan rediyo, Kano: Assalamu alaikum. Sanarwar 'yan sanda ta ce mutum 5 "were involved in" wani hatsarin mota. Na fassara da cewa mutum 5 na da hannu a hatsarin, sai edita ya soke. Ina kuskuren yake?

Wa alaikumus salam, Malam. Editanka ya yi daidai, kuma ya tsare gidan rediyonku daga ɓata sunan mutane. A Hausa, da zarar ka ce wane na da hannu a abu, ka ɗora masa laifi ke nan. Wanda ya ji labarinka zai ɗauka mutanen nan su suka haddasa hatsarin, alhali mai yiwuwa fasinjoji ne da ke kwance a asibiti. Abin da ya dace shi ne: hatsarin ya rutsa da mutum 5.

Wahalar "involve" ita ce ba ta faɗin yadda mutum ya shiga lamarin. Baturen da ya rubuta ta ya bar ƙofa a buɗe, ita kuwa Hausa ba ta da kalma guda mai wannan faɗin, dole ka zaɓa. Don haka kafin ka ɗora alƙalami, duba jimlar da ta gabata da wadda ta biyo baya, ka gano ko mutumin da ƙafarsa ya shiga, ko abin ne ya faɗa masa, ko kuwa tuhumarsa ake yi.

Idan da ƙafarsa ya shiga, kana da shiga, da halarta, da ba da gudummawa, da tsunduma in ya nutsa sosai. Matasa sun tsunduma cikin siyasa. Idan ana nufin a jawo wasu a ba su dama, kamar "involve women in decision-making", Bahaushe cewa yake a dama da mata wajen yanke shawara. Idan abin ne ya faɗa masa, sai rutsa da, ko shafa. Su ma biyun ba ɗaya ba ne. Gobarar kasuwa tana rutsa da wanda ke cikin rumfa lokacin da wuta ta tashi, amma tana shafar har mai rumfar da ke gida yana barci, da wanda ya ba shi kaya bashi. Idan kuma tuhuma ce, a nan ne "da hannu" take da gurbi, kuma matuƙar kotu ba ta yanke hukunci ba, ka sa "ana zargin" a gabanta. Kada ka ƙara "dumu-dumu" don jimla ta yi armashi, domin wannan na wanda aka kama da hujja ne.

Akwai inda kalmar ba ta magana a kan mutum sam. "The job involves travelling" na nufin aikin yana buƙatar tafiye-tafiye, ko ya ƙunshi tafiye-tafiye. Hatsarin da ya "involve" tirela da bas, sai ka ce ya auku tsakanin tirela da bas. Kada ka ce taho-mu-gama sai sanarwar ta nuna gaba da gaba suka haɗu.

A kula da "sa hannu" ma. Mai sauraro ya saba jin ta da ma'anar rattaba hannu a takarda. Idan gwamna ya "got involved" a rikicin ƙungiyoyi biyu don ya sasanta, ka ce ya shiga tsakani, ko ya sa baki. In kuwa marubucin yana ganin bai kamata ya shiga ba, to tsoma baki ne, ko katsalandan. Wannan rarrabewar ba Hausa kaɗai ke yin ta ba. Larabci yana da "sharaka" ga wanda ya shiga da son ransa, da "tawarraɗa" ga wanda ya afka cikin abin zargi. Jamusanci yana raba "beteiligt" da "verwickelt". Faransanci ne ya fi kusa da Turanci, domin "impliqué" na iya ɗaukar fuska biyun.

Tambaya daga wata ma'aikaciyar ƙungiyar raya karkara, Damagaram: Rahotanninmu suna zuwa da Faransanci da Turanci. Ko'ina na ga "stakeholders" ko "parties prenantes" sai in sa masu ruwa da tsaki. Wani dattijo ya ce mini su manoma ba su da ruwa balle tsaki a aikin. Ya zan yi?

Malama, dattijon nan ya ji kalmar yadda Bahaushe ke jin ta. Idan aka ce wane ya yi ruwa ya yi tsaki a wani lamari, ana nufin ya shiga ya fita, da shi aka ƙulla komai. Kenan masu ruwa da tsaki su ne waɗanda ake damawa da su. Ita kuwa "stakeholder" ta fi haka faɗi. Ma'anarta ta yau ta bazu ne bayan 1984, lokacin da masanin harkar gudanarwa ɗan Amurka R. Edward Freeman ya bayyana ta da duk wanda zai iya yin tasiri a kan abin da wata hukuma ko kamfani ke son cimmawa, ko kuma abin ya yi tasiri a kansa. Rabi na biyu na wannan bayani shi ne fassararmu ta yau da kullum take zubarwa.

Saboda haka ki raba kalmar gida biyu duk inda rahoton ya haɗa manya da talakawa. Hakimi, da jami'in gona, da masu ba da kuɗi, su ne masu ruwa da tsaki. Manomin da za a gina madatsar ruwa a gonarsa yana cikin waɗanda abin ya shafa. In ana nufin duka, rubuta duka: masu ruwa da tsaki da duk waɗanda aikin zai shafa. Tsawon jimlar ya fi a ce wa mutum an dama da shi alhali labari kawai aka kawo masa. Kada kuma a rikita ta da "shareholder", wato mai hannun jari.

Irin wannan kuskure yana yawan faruwa da "community engagement". Da yawa suna sa wayar da kan jama'a, wanda ke nufin mu ne masu sani, su ne masu saurare. Abin da ake nufi shi ne tuntuɓar mutanen gari da tafiya tare da su. Tunda kina aiki da harsuna biyu, ki riƙa tuna cewa "engager" a Faransanci sau da yawa ɗaukar mutum aiki ne, "engagement" kuma alƙawari ne da mutum ya ɗauka. A Turanci kalmar na iya zama baiko, a labarin soja kuma arangama.

Tambaya daga wani ɗalibin fassara, Zariya: Turanci yana da work, job, labour, employment, occupation. Mu aiki kawai muke da shi. Hausa ce ta gaza?

Ɗan'uwa, ko kusa. Hausa tana da nata rabon, sai dai a kan wani ma'auni daban: wa ake yi wa aikin, kuma yaya ake biya. Sana'a ita ce abin da mutum ya koya yake ci da shi, kamar ƙira, jima, saƙa, ɗinki. Ƙwadago aikin ƙarfi ne da ake yi wa wani a biya, galibi a wuni. Jinga ita ce a yi ciniki a kan aikin gaba ɗaya, ka nome gonar nan a kan kaza, ko ka gama yau ko jibi. Aikatau na wanda ke yi wa wani gida hidima ne a biya shi. Gayya ba biya, sai abinci da sanin cewa ranar taka za a zo. Ga kwangila, ga leburanci, ga aikin albashi.

To idan fom ya ce "occupation", sana'a za ka sa. "Employment" aikin yi ne, "unemployment" rashin aikin yi, kuma kalmar "yi" ɗin nan ba ado ba ce: idan ka ce rashin aiki kawai, magana ta yi rauni. "Self-employed" mai sana'ar kansa ne. "Civil servant" ma'aikacin gwamnati.

"Labour" ce mai rassa. A sunan ƙungiya da ma'aikatar gwamnati, ƙwadago ta zauna daram: Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da aka kafa a 1919, Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya da ta samu tsarinta na yanzu a 1978. A asibiti kuwa naƙuda ce, "labour ward" ɗakin haihuwa. Faransanci ma da "travail" yake kiran aiki da naƙuda, amma Larabci ya ware mata "makhad", kalmar da ta zo a Suratu Maryam. "Forced labour" aikin tilas ne. Inda aka fi yin ɓarna shi ne "child labour". Wanda ya fassara ta da aikin yara ya jawo wa saƙon gardama tun kafin a saurare shi, don duk uba zai ce ai yaro dole ya koyi aiki, kuma gaskiyarsa. Yarjejeniya ta 138 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1973, ta sa shekara 15 a matsayin mafi ƙarancin shekarun ɗaukar aiki, ta kuma yarda da aiki mara nauyi daga shekara 13 muddin bai cutar da lafiya ko karatu ba. Ta 182 ta 1999 ta yi magana a kan mafi munin nau'o'insa. Kenan abin da ake hanawa shi ne bautar da yara, ko sa su aikin da ya fi ƙarfinsu, kuma haka ya kamata fassarar ta faɗa.

Idan "work" ta zo a matsayin aikatau na nahawu, duba mai yin aikin. Inji yana aiki. Magani ya yi aiki, ko ya karɓe shi. Dabara kuwa ci take yi: dabararsa ta ci. "Work out" na iya zama motsa jiki, ko lissafi, ko al'amari ya daidaita.

Tambaya daga wata mai fassara jawabai, Kaduna: Shugabanni suna son "all hands on deck" da "roll up our sleeves". In nemo karin magana ne, ko in faɗi ma'ana kawai?

Hajiya, gwada abu biyu kafin ki ɗauko karin magana. Na farko, ko tana fuskantar inda ta Turancin ta fuskanta, yabo ga yabo, gargaɗi ga gargaɗi. Na biyu, ko wurin ya dace da ita: jawabin siyasa yana ɗauka, takardar kotu da umarnin likita ba sa ɗauka.

"Roll up our sleeves" ta faɗo a kan zage damtse, hoto ɗaya, ma'ana ɗaya. Larabawa ma suna cewa "shammara an sa'idaihi", Faransawa "retrousser ses manches". "All hands on deck" kiran matuƙan jirgin ruwa ne, kowa ya fito saman jirgi don an shiga haɗari. Kawo jirgi cikin jimlar Hausa ba zai amfani kowa ba. Ki ce a haɗa ƙarfi da ƙarfe, ko kowa ya kawo tasa gudummawar. "Many hands make light work" ita ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. "Burn the midnight oil" raba dare ne ana aiki ko karatu. "Back to the drawing board" a sake lale. "Pull your weight" ka sauke nauyin da ke kanka, wanda ya ƙi kuma shi ne ci-ma-zaune. "Wash one's hands of" tsame hannu ne, ba wanke hannu ba, musamman da yake wanke mutum a Hausa kuɓutar da shi ne daga zargi.

Tarkon da ya fi kama ƙwararru shi ne "too many cooks spoil the broth". Kunne yana jin miya da taron mutane sai ya ruga ga hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Kayan cikinsu iri ɗaya ne, amma sun ba juna baya. Ta Turanci tana kukan yawan masu sa hannu, tamu tana nuna amfanin yawan. Faɗi ma'anar kai tsaye ya fi: idan masu ba da umarni suka yi yawa, aiki lalacewa yake yi.

Tambaya daga wani sakataren makaranta, Gusau: Mene ne bambancin resign, retire, dismiss, lay off da suspend a takardar ofis?

Malam, a nan kuskuren kalma yana iya taɓa haƙƙin mutum da mutuncinsa. "Resign" ajiye aiki ne da kai, ga mai babban muƙami a ce ya yi murabus. "Retire" ritaya, in an tilasta a ce an yi masa ritayar dole. "Dismiss" kora ce, kuma tana ɗauke da laifi. "Lay off" da "retrench" sallama ce saboda rage ma'aikata, ba don wanda aka sallama ya yi komai ba, don haka rubuta dalilin a cikin jimlar. "Suspend" dakatarwa ce, mutum yana nan a matsayin ma'aikaci har a gama bincike. Tsigewa ta wanda majalisa ta cire ce, tuɓewa ta mai rawani. Sai "resume", wadda a Turancin Nijeriya ake amfani da ita har ga sabon ma'aikaci. Duba takardar: in ranar farko ce, ya kama aiki, in daga hutu ko yajin aiki ya dawo, ya koma bakin aiki.