Hoton kafin aure a Legas: zaɓen mai hoto, girman firam da inda ake yanka

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan hoton baiko da na kafin aure suka zo, don haka na haɗa su wuri ɗaya. Na taƙaita tambayoyin, na kuma cire sunaye kamar yadda aka saba.

Assalamu alaikum Malam. An sa ranar aurena, mun je situdiyo a Ikeja ni da angon aka yi mana hoto. A waya ya yi kyau ƙwarai. Da na kai a wanke shi don firam mai inci 8 da 10 da na riga na saya, sai ya fito an gutsure saman gwaggwarona, hannuna mai ƙunshi kuma rabi ya rage. Mai wankin ya ce ba laifinsa ba ne. Hoton zan sake, ko firam? — Wata amarya daga Agege

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa alheri, ya kai mu ranar lafiya. Kada ki sake hoto, hotonki lafiyarsa ƙalau. Mai wankin ma bai yi miki ƙarya ba, sai dai ya kamata ya nuna miki inda zai yanka kafin ya tura wa inji.

Ga abin da ya faru. Yawancin manyan kyamarori suna fitar da hoto ne a ma'aunin 2 da 3, wato in faɗinsa biyu ne, tsawonsa uku. Tun zamanin fim mai milimita 35 haka yake, don kowane hoto a jikin fim ɗin milimita 24 da 36 ne. In aka buɗe irin wannan hoto har faɗinsa ya kai inci 8, tsawonsa inci 12 zai kai. Firam ɗinki kuwa 10 ne. Dole inci biyu su tafi, kashi ɗaya cikin shida na hoton ke nan. In ba a gaya wa injin inda zai cire ba, rabawa yake yi: inci ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Na saman ya ci gwaggwaro, na ƙasan ya ci ƙunshi. Bakin firam kuma yakan ƙara rufe 'yan milimita a kowane gefe.

Mafita mafi sauƙi ita ce ki sayi firam mai inci 8 da 12, hoton zai shiga ba a taɓa ko'ina ba. Haka 4 da 6, da 12 da 18, da 20 da 30, duk ma'auninsu ɗaya da na kyamarar. Wanda kike da shi kuma bai zama asara ba. Ki ce a wanke hoton a inci 6 da 9 a tsakiyar takarda mai 8 da 10, farin gefe ya kewaye shi. Ni wannan ya fi burge ni ma, don farin yana ba hoton sarari, ido ya sauka a kan fuskokinku kai tsaye.

In kuwa kin fi son ya cika firam ɗin taf, ki zauna kusa da mai wankin, ki sa ya nuna miki layin yankan a kwamfuta. A cire daga ƙasa, a bar sama. Kada layin ya faɗa a kan gaɓa: wuyan hannu, gwiwar hannu, gwiwa, idon sawu, ko tsakiyar yatsu. Hoton da aka yanke daidai kan gaɓa yana sa mutum ya zama kamar an guntule shi, mai kallo zai ji wani abu bai yi masa daɗi ba ko da bai gane dalili ba. Tsakiyar cinya, ko ƙasa da ƙugu kaɗan, nan ne yanka ke tafiya salin-alin. Hannu kuwa, ko ya fito gaba ɗaya ko kada ya fito sam. Kin biya mai ƙunshi, kin zauna awanni ba motsi, ba daidai ba ne a bar miki rabin zane.

Masu sana'ar nan da ba su saba da kayanmu ba sukan matso su cika hoto da fuska, su aske saman kai, don a wasu hotunan ana yin haka ya yi kyau. Shigarmu ba ta ɗaukar wannan. Ɗaurin amarya, da hular Zanna Bukar da ango ya kafa, da aikin wuyan babbar riga, su ne rabin kwalliyar. Ga waɗanda ba su riga sun yi hoton ba: ku faɗa wa mai hoto girman da za ku wanke tun kafin ya ɗaga kyamara, ku ce ya ja baya ya bar fili sama da gefe. Tela na gari yakan bar rara a cikin ɗinki don in riga ta matse a saki; wanda ya yanke yadi cif-cif ba shi da abin ƙarawa.

Malam, ni ɗan kasuwa ne a Alaba Rago. Masu hoto biyu na samu. Na farko kuɗinsa da sauƙi, zai gyara hotuna goma ya turo ta WhatsApp. Na biyu ya kusa ninka shi, amma ya ce zai ba mu komai a filash ɗin ajiyar fayil. Hajiyarmu tana son babban firam a falo, kuma za mu buga kalanda da jakunkuna na rabo. Wanne zan ɗauka?

Ɗan'uwa, tunda akwai babban firam da kalanda a lissafinka, abin da za ka saya shi ne cikakken fayil ɗin hoton. Wanda zai ba ka shi, shi ne naka, ko na farkon ne ko na biyun.

Hoto ɗige-ɗige ne da ake kira fiksel. Wanda za a riƙe a hannu a duba, ana so fiksel 300 su cika kowane inci. Inci 8 da 10 ke nan yana bukatar fiksel 2400 da 3000. Kyamara mai megafiksel 24, wato fiksel miliyan 24, tana ba da 6000 da 4000, wanda zai kai inci 20 a tsawo ba tare da ya dushe ba, ya kuma isa firam mai 20 da 30, tunda na bango daga nesa ake kallonsa, 200 a inci ya wadatar. To amma in aka turo hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi, tsawonsa ya dawo kusan fiksel 1600. Wannan inci biyar da ɗoriya kawai zai yi da kyau. In aka ja shi ya cika bangon Hajiya, aikin rigarka zai narke, idanu su yi hazo. Ka koma wa na farkon ka tambaye shi ko zai ba da cikakken fayil, a filash ko ta WhatsApp ɗin a matsayin dokumen, wanda ba a matsewa. In ya yarda, ka tsira da kuɗinka. In ya fara kame-kame, araha ba ta ado.

Ka kuma roƙi kowane hoton da kuka zaɓa a kashi biyu: wanda ya yanka yadda yake so, da wanda ya gyara launi amma bai yanka ba. Mai kalanda da mai jaka kowa da ma'auninsa. Suna son fili inda za su rubuta sunaye da ranar biki, kuma sukan bar kamar milimita 3 a kowane gefe wanda wuƙar inji za ta ci. Hoton da aka riga aka matse don ya dace da fuskar waya ba ya ba su wurin motsi.

Kafin ka ba da kafin alƙalami, ka ce kowannensu ya nuna maka aikinsa a takarda, ba a Instagram ba. Ka nemi hoton ango cikin farar shadda. Shadda tana walƙiya, tana mayar da haske. Wanda bai iya ba, ko rigar ta zama farin fili babu zare babu aiki, ko fuska ta yi duhu. Wanda ya fito da su biyun tare ya san hannunsa. Sannan ka dubi fatar amaren da ya gyara. Abin da ke ci mini rai a wannan sana'a shi ne goge fuska har sai ta zama ta roba, a ƙara wa yarinya farin da Allah bai ba ta ba. Wannan hoton 'ya'yanku za su gani, su ma suna da haƙƙin su gane uwarsu. Ka ce masa a cire ƙurji da gumi, a bar launi.

Ku rubuta yarjejeniya ko a saƙon waya ne: hotuna nawa, canjin kaya nawa, ranar bayarwa, da ko an yarda ya ɗora ku a shafinsa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba wanda ya sa aka yi masa hoto don amfanin kansa da iyalinsa damar hana a watsa shi ga jama'a, sai in an yi wata yarjejeniya daban. Amma faɗa tun farko ya fi rigima bayan hoton amaryarka ya zaga gari.

Malam, 'yar ƙanwata ce za ta yi aure, a hannuna ta tashi. Ita da yaron sun nace sai sun yi hoton nan. Ni ba na son rungume-rungumen da nake gani, ga shi ba a ɗaura ba. Kuma wai bakin teku za su. Ka ba ni shawara. — Wata uwa daga Idi-Araba

Hajiya, ina gaisuwa, Allah ya saka da alherin riƙo. Damuwarki a kan hanya take. Baiko ba aure ba ne, malamanmu sun sha faɗa, kuma in an fasa, hoton yana nan a wayoyin mutane. Hanya biyu na ga iyalai suna bi a nan Legas, duka suna ɓullewa. Wasu sukan jinkirta hoton sai an ɗaura aure, a yi shi tsakanin ɗaurin aure da walima. Kalandar rabo kuma a buga ta da sunaye kawai, ko da hoton kowa shi kaɗai. Wasu kuma sukan yi kafin, amma da ɗan rakiya daga gida, kuma ba taɓa juna.

Kada wani ya ce miki hoton ba zai yi kyau ba sai an riƙe hannu. Ta zauna a kujera, shi ya tsaya daga baya ta gefe, hannunsa a kan makarin kujerar. Ko su jera suna tafiya da tazara, yana magana tana murmushi tana kallon ƙasa, mayafinta na bin iska. Kunya tana fitowa a hoto, kuma kyau take ƙarawa. Sai dai a kula, tunda akwai tazara a tsakaninsu hoton yakan yi faɗi, gara a ɗauke shi a kwance, a saya masa firam na kwance. In aka tilasta shi ya tsaya, kafaɗar ɗayansu ce za ta tafi.

Batun bakin teku, ban ba da goyon baya ba. Daga Idi-Araba zuwa Lekki cikin go-sulo, kwalliya ta narke kafin a isa. Ga iska mai gishiri, ga yashi a bakin leshi, ga idon jama'a. Filin shaƙatawa na JJT da ke Alausa yana da ciyawa da inuwa. Freedom Park da ke titin Broad a tsibirin Legas, tsohon gidan yarin zamanin Turawa da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010, yana da tsofaffin bangaye da ke fito da launin kaya. Ko ina za su, a tambayi kuɗin shiga da na ɗaukar hoto tun daga gida, don wurare da yawa suna cajin kyamara daban.

Lokaci ya fi wuri muhimmanci. Rana tsaka tana jefa inuwar hula a kan idanu, ta sa kowa ya yamutse fuska. Haske mai taushi yana samuwa da sassafe, ko bayan La'asar daga wajen ƙarfe biyar. Rana a Legas tana faɗuwa tsakanin wajen shida da rabi da wajen bakwai duk shekara, kuma duhu ba ya jira, don haka su gama su samu Magariba. In bikin ya faɗo a Yuni ko Yuli, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, su kama situdiyo kawai, hankalin kowa ya kwanta.

Yaya, ni zan yi wa yayana da amaryarsa hoto da wayata, ba mu da kuɗin mai kyamara. Zai wanku? Wace takarda zan zaɓa? — Wani ɗalibi daga Obalende

Zai wanku, ƙanena. Waya mai megafiksel 12 tana ba da kusan fiksel 4000 da 3000, ya isa inci 8 da 10 har da rara. Ka bar ma'aunin a 4 da 3, kada ka sa shi a wanda ke cika fuskar waya, don wannan yanke hoton yake tun kafin ka gani. Ka goge gilashin kyamarar. Kada ka matso kusa da fuska, hanci zai kumbura. Ka ja baya, in wayar tana da ido na biyu mai jawo nesa ka yi amfani da shi. Ka tsayar da su a inuwa suna fuskantar haske. Firam mai 6 da 8 ko 12 da 16 shi ya dace da hoton waya ba yanka. A 4 da 6 kuwa rabin inci zai tafi daga gefe.

Wanda za a sa a firam, ka zaɓi takarda marar sheƙi. Mai sheƙi tana ƙyalli a ƙarƙashin fitila, kuma da laimar Legas takan manne da gilashi, ranar da aka zo cirewa fuska ta biyo shi. Ka sa mai firam ya saka kwali mai taga tsakanin hoton da gilashin, kada kuma a rataye a bangon da ke jiƙa da damina.

Takarda ba ta da hasken waya, don haka hoto yakan fito da ɗan duhu fiye da yadda ka gan shi. Ka fara wanke ƙarami ɗaya, ka fita da shi waje ka duba fata da farin kaya, in bai yi ba a ƙara haske kafin a yi babban. In za ku buga kalanda ko sitika masu yawa, Shomolu ce cibiyar masu ɗab'i a Legas. Can ma ka ce sai ka ga samfuri ɗaya ka amince kafin su saki inji, don tawadar ɗab'i takan sauya launi, jan leshi ya koma ruwan ƙasa-ƙasa.