Dillali ya ce ƙaramin injin CNC mai aiki da kwamfuta zai yanka min ƙarfe, in saya?

Tambaya: Injiniya, ina da ƙaramin wurin aikin ƙarfe, yawancin aikina shaf ne da bushin da gidan boris. Kuɗina na inji ɗaya ne, kuma na rasa zaɓi tsakanin injin fiƙa mai juya ƙarfe da injin milin mai juya wuƙa. Wani dillali ya nuna min wani injin CNC marar nauyi mai gudun juyi 24,000 a minti, ya ce daidaitonsa 0.001 na milimita ne, kuma tunda kwamfuta ke tuƙa shi babu ƙarfen da zai gagare shi. Ina tsoron kada jarina ya salwanta.

Amsa: Malam, tsoronka yana kan hanya. Zaɓin farko ba shi da wuya: kayan da ka lissafa duk masu zagaye ne, injin fiƙa za ka saya. Milin ya jira sai aikin shafaffen ƙarfe da ramin makulli ya yawaita.

Maganar dillalin nan ce ta dame ni, don kullum sai na ji ta, kuma tana raunata mutane. Kwamfuta umarni kawai take bayarwa, gangar jikin inji ce ke ɗaukar ƙarfin yanka. Abin da ya nuna maka injin sassaƙa katako da roba ne, ya ɗan taɓa alminiyam. Wuƙar kabayid, wato wuƙar yankan ƙarfe mai tsananin tauri, mai kaurin milimita 10 tana son gudun kusan 3,000 a kan baƙin ƙarfe. Ka sauke injin 24,000 zuwa nan, abin da ya rage na ƙarfinsa bai wuce kashi ɗaya cikin takwas ba. Sai jiki ya kama rawa, wuƙa ta yi ta kuka, kuma kabayid ba ya lanƙwasa, tarwatsewa yake yi. A injin da ba shi da ƙofa, fuskar yaron da ke tsaye ce a gabansa.

Shi kuwa 0.001 ɗin, ƙaramin takun da motar lantarkin da ke matsar da wuƙa ke iya ƙirgawa ne, ba abin da zai fito a jikin aikinka ba. Yawancin irin waɗannan injuna motar sitefa (stepper) gare su, mai tafiya taku-taku, wadda ba ta mayar wa kwamfuta da rahoton inda ta kai. In nauyi ya fi ƙarfinta sai ta tsallake taku, allo kuma ya ci gaba da nuna komai lafiya. Shi ya sa in dillali bai yarda a gwada sai a kan katako ba, ka yi hattara.

Ko injin fiƙa na kirki ma bai san abin da ka ɗaura masa ba. A kwantirola (kwamfutar da ke tuƙa inji) ta kamfanin Fanuc, in ka sa G96, umarnin da ke ƙara gudun juyi yayin da kaurin ƙarfe ke raguwa, ba ka ƙayyade iyakar gudu da umarnin G50 ba, wuƙa na dosar tsakiya gudu na hauhawa, haƙoran da ke kama ƙarfen su sassauta, ƙarfen ya fito da ƙarfi. Duk wanda ya ce ka cire makullin tsaron ƙofa don aiki ya yi sauri, kada ka saurare shi.

Nemi mai gangar zubin ƙarfe, da motar servo mai mayar da rahoto, da kwantirolar da za ka samu mai gyaranta da kayanta. Duba ko wutarka mai layi uku ce kafin ka biya, ka kuma ware kuɗin wuƙaƙe da kayan awo. Ranar ciniki ka je da agogon awonka ka duba lako-lakon kowane layin tafiyar wuƙa, sannan ka sa a fiƙe maka shaf biyar daga irin ƙarfen da kake aiki da shi, ka auna su ɗaya bayan ɗaya.