Zuwa mafaɗar ruwa a cikin duwatsu lokacin hunturu: rigar sanyi ta isa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokaina uku muna shirin zuwa kallon wata mafaɗar ruwa da ke cikin duwatsu, a yankin da dusar ƙanƙara ke zuba. Tafiyar yini ɗaya ce a ƙasa, kilomita 6 zuwa, 6 dawowa, hawan kuma ya kai mita 600. Mun taɓa zuwa lokacin zafi, ba mu sha wata wahala ba. Manyan rigunan sanyinmu sun isa, ko da sauran shiri?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da sauran shiri, kuma na ji daɗi da ka tambaya tun kafin ku kama hanya. Hanyar da kuka bi lokacin zafi, sunanta ne kawai bai canza ba.

Mu fara da agogo. Masu hawan duwatsu suna da wani tsohon lissafi da William Naismith, mutumin Sikotilan, ya tsara a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Tafiyarku ke nan ta kusa awa uku da rabi, idan hanya a bushe take kuma babu tsayawa. A kan dusar ƙanƙara, ga hutu ga ɗaukar hoto, ni awa shida zan ware mata. A ƙasashen da ke tsakiyar tazarar da ke tsakanin ikwaita (layin da ya raba duniya arewa da kudu) da ƙurewar arewaci ko kudancin duniya, hasken rana a tsakiyar hunturu bai cika awa tara ba, kuma cikin kwazazzabo duhu yakan riga faɗuwar rana sauka, domin dutse ya tare ta. Don haka ku yi sammako, ku kuma tsayar da lokacin juyowa tun kuna gida. Idan lokacin ya yi, ku juyo, ko da kuna jin rugugin ruwan a kunnenku. Kowa ya riƙe tocilarsa ta goshi.

Batun sutura kuwa, jiƙewa ita ce abar tsoro. Iska takan ƙara sanyi da kusan digiri 6.5 a kowane hawan mita 1,000, wato wajen digiri 4 a tafiyarku. Idan kun bar mota ma'auni na nuna digiri 2, a bakin ruwan kun shiga inda ruwa ke daskarewa. Wanda ya jibga babbar riga ɗaya zai yi sharkaf da gumi a hawa, yana tsayawa gumin ya huce a jikinsa. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska ninki ashirin da wani abu, auduga kuma idan ta jiƙe ba ta saurin bushewa. Ku sa ta ulu ko ta yadin roba a ciki, mai ɗumi a tsakiya, mai tare iska da ruwa a waje. Ku fara tafiya kuna ɗan jin sanyi, babbar rigar tana jaka, sai an tsaya a zura ta. A saka ƙarin safar hannu da ta ƙafa cikin leda.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne 'yan takun ƙarshe. Ruwan da ke faɗowa yana feshi, iska ta kwashe feshin ta shimfiɗa shi a kan duwatsu da matakala da ƙarfen dafawa, ya daskare ya zama wata siririyar ƙanƙara garai-garai. Ido zai ce maka dutsen ya jiƙe ne kawai, yana ɗan sheƙi. Ka goga masa bakin sanda ka gani: idan ya zame sumul ba tare da ƙarar karce ba, ƙanƙara ce. Takalmi komai kyan ƙasansa ba ya kama ta. Akwai wasu sarƙoƙi masu ƙananan haƙoran ƙarfe da ake ɗaura wa takalmi, kowannenku ya samu nasa, ya ɗaura tun kafin ya shiga santsin, kuma saukowa ta fi hawa haɗari.

Da kun isa, ku ɗaga kai kafin ku ɗaga waya. Ƙanƙara takan yi tsini tana reto a jikin dutsen, wata ta fi mutum tsawo, kuma idan rana ta taɓa ta ko gari ya ɗan sassauta, sai ta ɓalle ba sallama. Kada kowa ya tsaya a ƙarƙashinta ko ya kewaya bayan ruwan. Haka kududdufin da ke gindin mafaɗar: ko ya yi fari fat kamar daɓe, kada a taka. A ruwan da ke kwance ma sai ƙanƙara ta kai kaurin santimita 10 ake maganar takawa, balle nan da ruwa ke gudu a ƙarƙashi yana cin ta. Hoton da aka ɗauka daga nesa ya wadatar.

Sai zaftarewar dusar ƙanƙara. Ta fi aukuwa a gangara mai karkatar digiri 30 zuwa 45, kuma abin da ya zaftaro daga sama kwari yake bi, wato inda kuke. Idan an zuba sabuwar dusa mai yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, ko iska ta kaɗa da ƙarfi, ko gari ya yi ɗumi kwatsam, ku ɗage tafiyar. Ku duba hasashen yanayi da sanarwar masu kula da wurin da safiyar ranar.

Ku riƙa lura da juna. Da zarar zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, mutum yakan fara makyarkyata, ya riƙa tuntuɓe, magana ta sarƙe masa, ya kasa jan zif ɗin rigarsa, kuma sau da yawa shi ne zai ce lafiyarsa ƙalau. Ku canza masa jiƙaƙƙun kaya, ku tare masa iska, ku ba shi abin sha mai ɗumi da zaƙi idan yana iya haɗiya, ku juyo. Idan makyarkyatar ta tsaya alhali yana ƙara ruɗewa, ku kira masu ceto nan take. Waya ta zauna a aljihun ciki domin sanyi na cinye batir, ku sauke taswira tun da sauran sabis, sannan ku bar wa wani a gida sunan hanyar da lokacin da zai fara nemanku idan bai ji daga gare ku ba.