Amsar maigida kan ranar sarari a tafiyar Italiya

Ka tambaye ni yadda za ka yi da matafiyanka a sa'o'in da jadawali ya sake su su yi abin da suka ga dama, da kuma kwanakin da wasu ke ƙarawa kafin ayari ya haɗu ko bayan ya watse, tunda kai aka ba rakiyar masu zuwa Italiya. Da a kan cike takardar biza ka yi tambayar, ko a kan awon kaya, da ban ɗauki alƙalami ba, domin wanda ya yi zaman da ka yi a ofishina bai san waɗannan ba, gara ya nemi wata sana'a. Wannan kuwa tambaya ce ta gaske, kuma ta fama mini wani miki da har yau bai warke ba.

Ku yaran yanzu kun ɗauka ranar sarari ranar hutun jagora ce, ranar da za ka kwanta a ɗakin otal kana latsa waya har rana ta faɗi. A ranakun da aka tsara, kamfanin da muke hulɗa da shi a can ya tanadi mota da direba da tikiti da mai bayani wanda yake da lasisin hukuma, aikinka bai wuce ƙirga kawuna a bakin mota ba. A ranar sarari duk waɗannan sun janye, kai kaɗai ka rage, kuma duk abin da ya faru da matafiyi sunanka za a kira a gida.

Wata shekara na ɗauki wani Alhaji, ɗan kasuwa mai hali, wanda wani aminina ya riƙo hannunsa har ofis ya ce in kula da shi kamar yadda zan kula da shi kansa. Yana tafe da mai ɗakinsa da 'ya'yansa da wani ƙanensa. Jadawalinmu ya bar Asabar sarari a birnin Rum, sai ya same ni tun muna gida ya ce bai ga amfanin zuwa Italiya ba idan bai taka Fulorens ba. Yana so a shigar da iyalinsa gidan tarihi na Uffizi da safe, su bi ta gadar Ponte Vecchio inda shagunan zinariya suke, da rana kuma mota ta kai su shagunan rangwame na bayan gari. Ya ƙara da cewa idan ayari ya juya gida, shi da iyalinsa za su ƙara kwanaki a Milan. Na gaya masa duk mai yiwuwa ne, domin jirgin ƙasa mai sauri yana kai mutum daga Rum zuwa Fulorens cikin kusan awa ɗaya da rabi, amma kuɗi ake sa wa gaba, kuma yawancin abin da za a saya ba a mayar da kuɗinsa. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Malam, ni da kai har sai an yi haka? Ka biya, da mun sauka gida yaro zai kawo maka." A wancan lokaci maganar da ta fito daga bakin babban mutum ta fi takarda ƙarfi, ga kuma nauyin aminin da ya kawo shi.

Da kuɗin Yuro da na saya da tsada na biya tikitin jirgin ƙasa zuwa da dawowa a kujerun da ya zaɓa, da tikitin Uffizi mai ƙayyadadden lokaci, da mai bayani, da direba, da ɗakunan Milan, na kuma sauya musu ranar dawowa a jirgin sama. Ranar Asabar da asuba na buga masa ƙofa, ya ce in yi gaba, suna bayana. Na tsaya a tashar Termini riƙe da ambulan ɗin tikiti, idona a kan allo, har lambar dandamalin jirginmu ta fito, har mutane suka gama shiga, har ƙofofi suka rufe jirgi ya ja. Na kira wayarsa ba adadi, tana shiga ba a ɗauka. Can Fulorens mai bayani tana tsaye tana jira, direba yana jira, kuma duka biyun sai da na biya su cikakken kuɗinsu, domin a ƙasar nan wanda ya ɓata wa ma'aikaci rana ya saye ta.

Sai bayan Isha suka shigo otal niƙi-niƙi da ledoji, tare da wani ɗan garinsu mazaunin can da ban taɓa gani ba. Alhaji bai ba ni haƙuri ba. Ya zaro takardun cin tara ya ajiye a kan teburin zauren otal a gaban sauran matafiya, wai jami'ai sun kama su a cikin bas ba su buga tikiti a na'ura ba, kuma tunda ni na kawo su ƙasar, ni zan biya. A nan take ya ce ya fasa Milan, tare da ayari zai koma, wato a sake sauya tikitin jirgin sama a sake biya. A hanyarmu ta dawowa ƙanen nasa, wanda abin ya dame shi, ya gaya mini cewa tun kafin mu baro gida sun shirya da mutumin nan zai zagaya da su wuraren sarin kaya a ranar. Fulorens da Milan ya sa na tanada ne ko da shirinsu ya rushe, tunda ba daga aljihunsa kuɗin ya fita ba. Da muka dawo na aika masa da lissafi, amsar da ya aiko ita ce abin da bai ci ba ba zai biya ba. Aminina ya shiga tsakani bai ji ba, daga baya ma ya riƙa gaya wa mutane a kasuwa wai na ninka masa farashi. Ribar tafiyar gaba ɗaya ta tafi a kansa, kuma akwai gidajen da suka daina zuwa wurina saboda maganarsa, wannan ne ma ya fi yi mini ciwo har gobe.

Saboda haka duk wanda yake son wani abu a ranar sarari, ko surukinka ne, ya rubuta abin da yake so ya sa hannu, ya biya kuɗin gaba ɗaya, ka nuna masa layin da ya ce ba a mayarwa, sannan ka taɓa kwamfuta. Kafin alƙalami ba ya wadatarwa a wannan aiki. Idan ya ce ba ka yarda da shi ba ne, ka ce masa dokar maigida ce, ya zo ya same ni.

Bayan kuɗi sai tsarin ranar kanta. Abu ɗaya babba ake sa wa a rana, sauran lokaci a bar mutum ya yi tafiyar ƙafa, ya zauna, ya kalli gari. Matafiyanmu suna zuwa da son ganin komai, wani zai ce maka yana so ya ga hasumiyar Pisa da Benis a yini ɗaya, kai ne za ka hana shi, domin a tasha zai ƙare ranarsa. Daga Rum, Napoli da Fulorens suna cikin abin da ake zuwa a dawo a yini, Benis kuwa daga Milan ta fi dacewa, kusan awa biyu da rabi, kuma tun shekarar 2024 akwai ranakun da mai shiga ya fita a yini ɗaya sai ya biya kuɗin shiga gari. Ka duba ranar mako kafin ka yi wa kowa alkawari. Uffizi a rufe yake ranar Litinin. Gidajen tarihin Batikan ba sa buɗewa ranar Lahadi sai Lahadin ƙarshen wata, ranar da ake shiga kyauta kuma layi ba ya ƙarewa. Lahadin farkon wata gidajen tarihi na gwamnati kyauta ne, amma ba na kai dattijo ko mai ƙananan yara cikin wannan turmutsitsi. Zanen bango na Leonardo da Vinci da ke harabar cocin Santa Maria delle Grazie a Milan, minti 15 kacal ake ba kowane rukuni, kuma wanda bai kama gurbi da makonni ba kada ya ɓata kuɗin mota. Tikitin Kolosiyam, tsohon dandalin wasan Rumawa da ke Rum, yana ɗauke da sunan mai shi tun 2023, don haka fasfo yana tafiya tare da shi. Idan tafiya ta faɗo a kan 15 ga Agusta, ranar babban hutu a ƙasar, ka gaya wa masu niyyar sayayya tun a gida cewa shaguna da yawa za su same su a kulle.

Maganar jirgin ƙasa ba zan tsaya koya maka karatun allo ba. Ka dai sa su riƙe lambar jirgi, domin allo yana nuna tashar ƙarshe ne, wadda sau da yawa ba ita ce tasu ba. Tikitin takarda na ƙananan jiragen ƙasa da na bas sai an buga shi a na'ura, kuma jami'i ba ya sauraron "ni baƙo ne". Ka bincika ko an sanar da yajin aiki, domin ana sanarwa tun da wuri kuma yana yawan faɗowa ranar Juma'a. Bas mai lamba 64 da ke tashi daga Termini zuwa wajen Batikan ya yi suna wurin 'yan sane, a rungume jaka ta gaba.

Juma'a ita ce ranar da nake roƙon kamfani ya saki mutanena da rana, kuma a nan ne na bambanta da masu shirya wa Turawa tafiya. Babban masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995 da tallafin Saudiyya, yana arewacin gari a gindin tudun Parioli, ana shiga ƙaramin jirgin ƙasa daga Piazzale Flaminio a sauka a Campi Sportivi. Na ga dattawan da aka zagaya da su manyan gine-ginen Rum ba su ce uffan ba, amma da suka shiga masallacin nan suka ɗaga kai suka ga ginshiƙansa, suka haɗa sahu da Larabawa da 'yan Bangaladash da 'yan Senegal, shi suke ta ba da labari har muka sauka gida. Abincin halal yana samuwa a unguwar Esquilino kusa da Termini, musamman wajen Piazza Vittorio. A sauran wurare ka rubuta musu sunayen da za su guje wa, wato prosciutto da pancetta da guanciale, dukansu naman alade ne, kuma shi ake sa wa a taliyar carbonara da amatriciana. Ka tuna musu gidajen abinci da yawa suna rufe kicin bayan ƙarfe uku sai bakwai na yamma, kuma shayi ko kofi a tsaye a kanta ya fi araha a kan na zaune a tebur.

Sayayya kuwa ko ka so ko ka ƙi sai sun yi, gara ka kai su inda ya dace. Mutumin Kano ya san fata, fatunmu ma ana kai su Italiya ana sarrafawa, saboda haka ka bar shi ya shinshina ya murza da hannunsa a kasuwar San Lorenzo ta Fulorens, amma ka gaya masa ba duk abin da aka rataye a rumfa ne ɗinkin Italiya ba. Jakar jabu da ake shimfiɗawa a bakin titi, mai saye ma ana cin sa tara mai nauyi. Wanda ya sayi kayan da ya haura Yuro 70 a shago ɗaya yana da damar neman a mayar masa da wani kaso na harajin kaya, idan ya nuna fasfo a shagon aka yi masa takarda, ya kuma tabbatar da ita a kwastan kafin ya bar ƙasashen Tarayyar Turai. Mai ɗauke da tsabar kuɗi Yuro 10,000 ko fiye dole ya bayyana.

Masu ƙara kwanaki ka ƙirga musu ranakun a kan abin da aka buga a bizarsu, kana gani da idonka, kada ka karɓi "ai ta isa" daga bakin kowa. Ni na fi son a ƙara kwana a farkon tafiya, mutum ya huta gajiyar jirgi kafin ayari ya fara gudu. Kowa ya fita da katin otal a aljihu da lokacin haɗuwa a rubuce, kuma jajiberin tashi babu mai barin gari ko wane ne shi. Ka kawo mini jadawalinka gobe bayan La'asar, ka rubuta ranar mako a gefen kowane kwanan wata, in ga inda Litinin da Juma'a suka faɗo kafin ka yi magana da ko da matafiyi ɗaya.