Amsa ga ƙanwata da aka ce tana da sist a jakar ƙwai

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ƙanwata da ta turo tambaya jiya da dare, na saurari muryarki har sau biyu, kuma na ji yadda hankalinki ya tashi. Sannu, Allah ya ba ki lafiya. Ga waɗanda ba su ji ba, cewa ta yi an yi mata hoton ciki, aka ce akwai sist, wato wani ƙulli da ya tara ruwa ko wani abu a cikinsa, a jakar ƙwanta ta hagu, girmansa santimita 4, likita ya ce ta dawo bayan mako 8 a sake dubawa. Tun daga ranar kowa da abin da yake gaya mata. Wannan ta ce ta daina cin ƙwai, waccan ta ce ta bar madara, wata ta ce nama ne ke ƙara masa girma, har ta kai ga tana tsoron abinci. Tambayarta ita ce, me za ta ci ya narke, me kuma za ta bari.

To ƙanwata, saurara da kyau. Babu wani abinci da aka tabbatar yana narkar da sist, babu kuma wanda aka tabbatar cinsa ne ya kawo shi. Na san ba haka kika so ji ba, amma gara in gaya miki gaskiya, don ita ce za ta kwantar miki da hankali. Abinci yana da aikinsa a wannan lamari, zan zo kansa, sai dai aikin ya danganta da irin sist ɗin da kike da shi, don ba iri ɗaya ba ne.

Mafi yawan wanda ake gani a jikin macen da ke al'ada, daga aikin jakar ƙwan kanta yake fitowa. Kowane wata jakar tana rainon ƙwai a cikin wata 'yar kumfa mai ruwa. Idan lokaci ya yi sai kumfar ta fashe, ƙwan ya fita. To wani watan sai ta ƙi fashewa, ta ci gaba da tara ruwa. Wani lokacin kuma ƙwan ya fita, amma gurbin da ya bari sai ya rufe, ruwa ko jini ya taru a ciki. Shi ne abin da hoto yake nunawa a ce miki sist. Irin wannan yawanci da kansa yake bajewa cikin al'ada biyu zuwa uku, musamman in bai kai santimita 5 ba kuma ruwa ne zalla a cikinsa. Kin ga dalilin da ya sa likitanki ya ce ki dawo bayan mako 8 ke nan. Ba sakaci ya yi ba, lokaci ya ba jikinki. Daga nan ne ma ruɗanin yake tasowa: mace ta bar madara, ko ta sha wani haɗi na wata biyu, ta koma hoto a ce ya tafi, sai ta rantse abin da ta sha ne ya yi aiki, alhali ko ba ta yi komai ba da ya tafi.

Akwai kuma waɗanda ba sa tafiya da kansu. Akwai wanda tsohon jini ne a cikinsa, mai duhu kamar cakulan, yana zuwa da ciwon mara mai tsanani lokacin al'ada. Akwai wanda ake samun kitse da gashi, har da haƙori a cikinsa. Waɗannan, wallahi ko za ki shekara kina cin ganye zalla ba za su motsa ba. Maganarsu tsakaninki da likita ce, ko a sa musu ido, ko a yi aiki a cire.

Inda abinci yake da babban tasiri shi ne larurar da ake kira PCOS, kuma a nan zan ɗan daɗe, don mata da yawa a cikinmu ita ke damunsu amma sun ɗauka sist ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa tana da ita, kuma da yawa ba su ma sani ba. A hoto za a ga 'yan ƙananan kumfa da yawa sun jeru a jakar ƙwai, ƙwayayen da suka fara girma ne suka tsaya a hanya. Alamominta su ne al'ada ta riƙa tsallake wata, ko ta yi watanni ba ta zo ba, gashi ya fito a haɓa ko a ƙirji, ƙuraje a fuska, ƙiba a ciki, wani lokacin bayan wuya ya yi baƙi kamar dauɗa alhali ba dauɗa ba ce. Hoto shi kaɗai ba ya isa a ce kina da ita, sai an haɗa da yanayin al'adarki ko gwajin jini.

Me ya haɗa ta da abinci? Insulin. Duk lokacin da kika ci abin da ke juyewa sukari a jini, jiki yana sakin wani sinadari mai suna insulin don ya shigar da sukarin inda za a yi amfani da shi. A jikin mata da yawa masu PCOS, jikin ba ya jin insulin ɗin yadda ya kamata, sai a yi ta ƙara sakinsa. Shi kuma in ya yi yawa, yana tunzura jakar ƙwai ta riƙa fitar da sinadarin maza fiye da ƙima. Sinadarin nan shi ke hana ƙwai nuna, shi ke kawo gashin da ƙurajen. Don haka duk abin da zai hana sukari yin tsalle a jininki, taimako ne.

To me za a rage? Na farko, abin sha mai zaƙi. Lemon kwalba, lemon kwali, shayin da aka zuba wa sukari cokali huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce giram 50 a rana ga babba, wajen ƙaramin cokali 12 ke nan, kuma in an iya tsayawa a giram 25, wato cokali 6, ya fi. Gwangwani ɗaya na lemo mai mil 330 yakan ɗauki kusan giram 35. Kin ga guda ɗaya ya haye cokali 6 ɗin nan tun ba ki ci komai ba. Kada kuma zuma ta ruɗe ki, a lissafin nan ita ma sukari ce. Haka ruwan 'ya'yan itace da aka matse aka tace. Ki ɓare lemon ki ci da tsokarsa, ya fi miki a kan ki matse uku ki shanye.

Na biyu, kayan fulawa: farin burodi, biskit, kek, da sauransu. An cire musu dusa, nan da nan suke zama sukari. Farar shinkafa ma haka take in aka cika faranti da ita ita kaɗai. Ban ce ki haramta wa kanki ba, a'a. Ki rage yawanta, ki haɗa ta da wake, da ganye, da kifi ko ƙwai. Faranti ya zama rabinsa kayan lambu ne, kwata abin gina jiki, kwata hatsi. Hatsin da ba a cire masa dusa ba shi ya fi, don a hankali yake narkewa, kuma yana riƙe ciki. Na uku, soye-soye, musamman da man da aka yi ta maimaita suya da shi, da naman da aka sarrafa aka sa a leda ko gwangwani. Waɗannan ko mai lafiya ba su da amfani gare shi, balle mai PCOS wadda dama tana cikin haɗarin ciwon suga da na zuciya nan gaba.

Ga wadda take da ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta kaɗai yana iya daidaita al'ada. Wato mai kilo 80, in ta sauke kilo 4 zuwa 8, sau da yawa za ta ga canji. Ba da yunwa za a yi ba, don yunwa ba ta ɗorewa. A hankali, da tafiya da sauri minti 30 a rana, kwana biyar a mako, shi ne minti 150 a mako da masana lafiya ke ba da shawara. Wadda ba ta da ƙiba kuwa ba a ce ta rame ba, ita dai ta gyara irin abin da take ci.

Yanzu batun ƙwai da madara da kika tambaya. Ƙanwata, ki ci ƙwanki. Don ana cewa jakar ƙwai, ba shi ke nufin ƙwan kaza yana tafiya can ya taru ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. Madara ma babu hujja mai ƙarfi da ta ce tana kawo sist ko tana ƙara masa girma. In tana kumbura miki ciki ko tana sa ki gudawa, to wannan jikinki ne bai karɓe ta ba, sai ki rage. Waken suya ma ana yawan tsoratar da mata da shi, amma cinsa daidai misali ba a nuna yana cutarwa ba. Abin da ke ba ni tausayi shi ne in ga yarinya ta bar ƙwai, ta bar nama, ta bar wake, ta bar madara, sai shayi da burodi. Ta bar masu gina jiki ta rungumi wanda ya kamata ta rage.

Akwai wani taimakon da abinci ke yi ko wane irin sist ne, shi ne sauƙaƙa nauyin mara da kumburin ciki. Jakar ƙwai maƙwabciyar hanji ce. In bayan gida ya yi tauri, hanji ya cika, zai danne wajen, ciwon ya ƙaru. Don haka ki yawaita ruwa, ki ci ganye da 'ya'yan itace, a samu kamar giram 400 a rana in da hali, ki rage gishiri don yana sa jiki riƙe ruwa. In ba ki saba cin wake da kabeji da yawa ba, kada ki afka musu rana ɗaya, za su cika miki ciki da iska. Kaɗan-kaɗan za ki ƙara. Wadda kuma jininta ke zuba da yawa lokacin al'ada, ta kula da ƙarancin jini: hanta, jan nama daidai gwargwado, wake, ganye mai duhu, ta haɗa da lemon zaƙi ko tumatir don jiki ya fi ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke cikinsu, wanda ke gina jini. Shayi kuma a ba shi tazarar kamar awa ɗaya da abinci, don yana hana jiki ɗaukar sinadarin.

Sai magungunan da ake tallatawa a intanet, wai na wanke mahaifa, wai na narkar da sist cikin kwana bakwai. Don girman Allah ku kiyaye. Ba ki san abin da ke ciki ba, ba ki san adadinsa ba, kuma hanta da ƙoda su ke ɗaukar nauyin duk abin da kika haɗiya. Kada garin neman gira a rasa ido. Ko ƙwayar tsarin iyali da likitoci kan bayar, aikinta hana wani sabo fitowa ne, ba ta narkar da wanda ya riga ya fito, balle wani haɗi da babu wanda ya gwada shi. Mai neman haihuwa ko mai zaton tana da ciki kuwa, ita ce ma ya fi kamata ta nisanci irin waɗannan.

Abu na gaba ina so kowa ta ji, ba ƙanwata kaɗai ba. Jiki magayi. In ciwo ya taso miki farat ɗaya a gefe ɗaya na mara, mai tsanani, da amai, ko zazzaɓi, ko jiri, ko gumi mai sanyi, ko kina jin kamar za ki suma, wannan ba lokacin tambayar me za a ci ba ne. Asibiti za a tafi a lokacin, ko tsakar dare ne. Sist yana iya fashewa ya zubar da jini a ciki, yana kuma iya sa jakar ƙwan ta murɗe, jini ya daina isa gare ta, an fi ganin haka in ya haura santimita 5. In an yi saurin zuwa ana ceto jakar, in an yi jinkiri ana iya rasa ta. A irin wannan hali ma kada ki ci kada ki sha komai a hanya, ko da za a buƙaci shiga da ke aiki. Iyayenmu da ke cikin zauren nan waɗanda suka daina al'ada, ku naku daban ne. In aka ga sist bayan al'ada ta ɗauke, ba a zama jiran abinci, a bi likita a yi duk gwajin da ya ce, har da na jini.

Ƙanwata, ki ɗauko takardar hoton nan ki duba, ko ki tambayi likitan kai tsaye: wane iri ne, ruwa ne zalla ko akwai wani abu a ciki, kuma guda ɗaya ne ko ƙanana ne da yawa. Ki fara rubuta ranar da al'adarki ke zuwa da ranar da take ɗaukewa, ki tafi masa da shi. Ranar da ya ba ki kada ki tsallake ta ko da kin ji garau. In kin dawo ki sanar da mu abin da aka gani. Allah ya sa mu ji alheri. Wassalamu alaikum.